Darasi na 7: Ina Ake Gwajin Fitsari a Kano?

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka kwafe su a littafinka: fitsari, mafitsara, ƙoda, gwaji, kati.

A Kano, da mutum ya ji zafi wajen fitsari sai a ce sanyi ne. A aiki yaro kemis, ko a jiƙa sassaƙe. Amma cututtukan da muke kira sanyi suna da yawa, kowacce da nata magani. Ɗaya daga ciki ita ce cutar hanyar fitsari. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, galibi irin na cikin hanji, su bi hanyar fitsari su hau mafitsara. Mata sun fi kamuwa saboda hanyar fitsarinsu gajeriya ce. Halitta ce, ba alamar an yi abin assha ba, don haka kada kunya ta hana ki magana.

Ana jin raɗaɗi lokacin fitsari. Fitsarin ya riƙa matsar mutum, ya je kuma ɗan kaɗan ya fito. Mara ta yi ciwo, fitsarin ya gurɓace ko ya yi wari.

Fara da asibitin unguwarku. Ka yanki kati, ka ce wa ma'aikacin: "Malam, ina jin zafi wajen fitsari. Kuna gwaji a nan?" Akwai gwajin da ake tsoma ɗan tsinken takarda a fitsari, cikin 'yan mintoci a ga alama. In babu, ko ciwon ya ƙi ji, akwai Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Nasarawa, da Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya. Asibitin Abubakar Imam kuwa aikinsa ke nan, cututtukan mafitsara. Akwai kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Ka tambayi kuɗin tun kafin a fara, sakamakon kuma likita za ka kai wa, ba mai kemis ba.

Babban gwajin shi ne wanda ake kira kalca. Ana renon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kwana 2 zuwa 3, a gane irinta, a kuma gane maganin da yake kashe ta. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Sai sun sha kafso na kwana biyu sannan su kawo fitsari, ƙwayar ta lafa, gwaji ya nuna babu komai, alhali ciwon yana nan. Ka ba da fitsari kafin ka sha maganin ƙwayar cuta. In ka riga ka sha, ka faɗa.

Za a ba ka 'yar roba mai murfi. Kada ka zo da kwalbar gida. Wanke hannu, yi tsarki da ruwa mai tsabta. In ka fara fitsarin, bar na farko ya zuba, tari na tsakiya a robar, rufe, a rubuta sunanka. Ka miƙa shi nan take, kada ya wuce awa 2 a hannunka.

Mai juna biyu ta nemi wannan gwaji wajen awo ko ba ta jin komai, domin cutar tana iya ɓuya ta jawo haihuwa kafin lokaci. Yaron da ke wanka a kududdufi yana fitsarin jini, wataƙila tsargiya ce, ita ma a fitsari ake gano ta, maganinta daban.

Idan zazzaɓi ya shigo, da rawar sanyi, da amai, da ciwon kwiɓi, mai yiwuwa cutar ta kai ƙoda. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Aiki: rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku. A ƙasansa rubuta jimlar da za ka faɗa wa ma'aikacin lafiya, ka karanta wa na kusa da kai.