Yadda za ka ɗaure tankin mai a jirgin saman da ka haɗa da hannunka

Kafin ka ɗauki sifana, ɗauki biro tukuna ka yi lissafi. Litar man jirgi da ake kira 100LL nauyinta kusan kilo 0.72 ne, wato tanki mai lita 40 in ya cika kana da kilo 29 na mai kaɗai, ba a sa nauyin tankin ba. A ƙasa wannan ba komai bane, hannu biyu ma sun ɗaga shi. Amma a sama in ka ja sandar tuƙi da ƙarfi ko iska ta jijjiga ku, ƙaramin jirgi ana tsara shi ne ya jure nauyi ninki 3.8, toh kilo 29 ɗinnan ya koma 110 kenan. In kuma saukar gaggawa ce aka daki ƙasa, tsohuwar dokar hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, Part 23, cewa ta yi a lissafa ninki 9 ta gaba, kaga kilo 260 ne za su nemi su fizge su yi gaba, kuma in tankin a bayan kujera yake ai kanka suka nufa. Jirgin da mutum ya haɗa da kansa ba dole bane ya bi wannan dokar, amma ni dai da ita nake auna komai.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yi wa tankin alminiyam waldar ƴan kunnuwa guda huɗu ya ɗaure su da noti a jikin firam, yana ganin ya gama. Don Allah kar ka yi haka. Jikin tanki siriri ne, zafin walda kuma ya riga ya sassauta ƙarfen da ke gefen ɗinkin, sai duk nauyin ya taru a ɗan wuri, inji na ta karkarwa firam na ɗan murɗawa, a hankali a hankali tsagewa ta fara daga gindin kunnen, wata rana kawai ka ji warin fetur a cikin jirgi kana sama. Tanki ba rataye shi ake ba, zaunar da shi ake.

Yi masa mazauni mai faɗi da ya bi siffar gindinsa sak, sannan ka zagaye shi da ɗamara aƙalla biyu, na ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam, faɗin inci ɗaya ko fiye. Wurin da ɗamarar za ta bi yana da muhimmanci sosai, ka sa ta daidai kan katangun da ke cikin tankin, waɗanda ke hana mai yin tambal-tambal, ko kusa da bakin tankin inda yake da ƙwari. In ka ɗaure a tsakiyar fili inda babu komai a ciki, kana matsewa yana lotsawa. Su kuma ƙarshen ɗamarun su kama ainihin ƙashin jirgin, kusa da mahaɗar bututan firam, ba tsakiyar dogon bututu ba, balle fatar jirgi ko allon mitoci. Kuma ka tuna ɗamara sama da ƙasa take riƙewa, tanki na iya zamewa ta cikinta ya yi gaba ko gefe, don haka sai ka sa masa tokari a gaba da baya da gefuna biyu.

Tsakanin tanki da duk abin da ya taɓa shi sai an sa shimfiɗa, ƙarfe kan ƙarfe gogayya ce kawai har ya huje. Roba mai jure mai ake sawa, irin su niyofirin ko naitiral. Soso da tsumma da duk abin da ke shan ruwa a bar su, suna tsotse fetur su zama abin kama wuta, suna kuma riƙe danshi ya cinye alminiyam ta ƙasa inda ido baya kaiwa. Robar tayar mota ma ba ta yi, fetur na kumbura ta ta lalace.

Wajen matsewa ka yi a hankali, ya kama yadda in ka girgiza shi da hannu biyu ba zai motsa ba, shikenan, ba sai ka ga jikinsa ya fara lanƙwasa ba. Ka yi amfani da notin jirgi na AN mai kulle kansa ko ka sa wayar kulle. In tankin na roba ne, wato foliyetilin, ka sani yana ɗan kumbura bayan ya sha mai, gara ka zuba masa mai ya yi kwanaki kafin ka yanke girman mazaunin, ka bar masa ɗan sarari.

Tanki baya zama ta ɓangaren inji, bayan katangar wuta yake zama, wato katangar da ke raba inji da sauran jirgin, kuma a bar aƙalla rabin inci tsakaninsu. Wurin da yake zaune ya samu iska da ƴar kafar da mai zai bi ya fita waje in ya yi yoyo. Bututun da ya fito daga tankin kuma ka fara shi da guntun tiyo mai lanƙwasuwa, saboda tanki na motsi kaɗan a kan robarsa, in ka haɗa shi da sandararren bututu kai tsaye mahaɗar ce za ta tsage.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa, tunda ka zaunar da tankin kan roba ka raba shi da jikin jirgi ta fannin lantarki kenan, mai kuma in yana kwarara yana tara caji, tartsatsi ɗaya a bakin tanki ya isa. Ka ja waya daga tankin da wuyan zuba mai zuwa firam.

Ka kuma duba yadda jirgin ke tsayuwa a ƙasa, musamman mai ƙaramar taya a wutsiya, kafar tatsar ruwa da ke gindin tankin ta kasance a wuri mafi ƙasa a wannan tsayuwar, in ba haka ba ruwa zai kwanta a lungun da ba za ka iya tatsowa ba.

Bayan ka ɗaure komai sai gwaji. Toshe duk kafofi, ɗaura balan-balan a bakin bututun shaƙar iska, hura da famfon keke kaɗan kawai, kar ka kuskura ka jona kwamfireso don zai kumbura tankin ya ɓata shi, sai ka bi duk ɗinki da kumfar sabulu. Daga nan ka zuba masa mai kaɗan kawai, kar ka cika shi, ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, cire tiyo a bakin kafireto ka auna abin da ke zuba, in babu famfon mai, nauyin man ne ke turo shi, ya kai kashi 150 cikin ɗari na abin da injin ke sha lokacin tashi, in da famfo 125. Bayan awannin farko na tashi ka sake buɗewa ka duba ɗamarun, roba na kwantawa su saki, in kuma ka ga baƙin gari ko shuɗin tabon mai a gefen ɗamara, sauke tankin ka duba ƙasansa kafin ka ƙara tashi.