Wanke Iya Kilina da Saita Kafireta a Tsohon Mashin

Ƙurar hunturu a Sakkwato ba ta barin soson iska ya daɗe. Idan tsohuwar Jincheng ɗinka ta fara shan mai fiye da kima, fara daga nan kafin ka taɓa kafireta, wato inda ake haɗa mai da iska.

1. Kwance murfin iya kilina, wato akwatin da ke tace iskar da ke shiga inji, ka zaro soson. Wanke shi da kananzir, ka matse a tafin hannu. Kada ka murɗe shi, yagewa yake yi. Idan ya bushe, ɗiga masa man inji kaɗan, ka mutsuka har ya ratsa ko'ina, don man ne ke kama ƙura. Na takarda kuwa ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi ko a sauya.

2. Mayar da shi, ka tayar da injin ya yi zafi.

3. Kashe, ka ɗaure sukurun iska da ke jikin kafireta a hankali har ya tsaya, ban da ƙarfi. Sassauto shi zagaye ɗaya da rabi. Sake tayarwa, ka riƙa juya sukurun kwata-kwata kana saurare, ka tsaya inda ƙarar ta fi tashi kuma ta daidaita. Sannan ka saita silo, wato gudun inji in mashin na tsaye.

4. Bayan ka ɗan yi tafiya, ciro fulogi, ka duba launin bakinsa. Ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Fari fat, iska ta rinjaya, abin da buɗaɗɗiyar filtar nan da samari ke sawa don ƙara take jawowa. A zafin Afrilu, injin ƙonewa zai yi. Ko dai ka mayar da akwatin iya kilina na asali, ko bakanike ya sa maka jet mafi girma, wato ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireta.