Ciyawar roba a bayan gida: kurakuran da ke cinye kuɗin masu gida a Kano

Tun da filayen ƙwallo na haya masu ciyawar roba suka yawaita a Kano, magidanta da yawa suka shiga sha'awar yi wa yara ɗan fili a bayan gida, ko a huta da yawon unguwa da fasa gilashin maƙwabta. Ba laifi. Sai dai a cikin ayyukan da na ga sun lalace, da wuya ka ce kafet ɗin ciyawar ne ya cuci mai gida. Ɓarnar daga ƙarƙashinsa take tasowa.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a share fili, a watsa yashi, a baza kafet kamar tabarmar baƙi. Ranar farko sai ɗaukar hoto. Da ruwan Agusta ya sauka, ƙasa ta zauna nan, ta kumbura can, ƙwallo ta riƙa karkata ita kaɗai, aya-aya da kiri-kiri kuma su leƙo ta gefe. Gyaran yana buƙatar haƙuri. A kwashe ƙasar sama kamar santimita 10, a tsince saiwoyi tas. A shimfiɗa yadin nan mai hana ciyawa hudowa amma yana barin ruwa ya wuce. Leda ba ta maye gurbinsa, riƙe ruwa take yi. Sai tsakuwa kamar santimita 7, a bi ta da garin dutse santimita 2 zuwa 3, ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddaɓa ƙasa. Iyayenmu mata da suka yi daɓen ɗaki da madaɓi sun san ba a gama shi da bugu ɗaya. In lebura ya ce maka, "Alhaji, ai da ƙafa ma za mu tattake," ka yi hayar injin ko na yini guda ne.

Sai gangara. Mutane suna son fili ya kwanta sumul, su manta ruwa yana neman hanya. A ba shi gangarar santimita 1 a kowace mita zuwa wajen kwata. Ido ba zai gani ba, ƙwallo ma ba za ta damu ba. Mai siminti ko intalok a tsakar gida ya fi kowa bukatar wannan, domin ƙananan hujin da ke bayan kafet suna sauke ruwa ne kawai, in bai samu mafita ba sai ya kwanta ya yi wari. A kan siminti kuma a sa siririyar katifar roba kafin kafet, saboda gwiwoyin yara. Kada a rufe murfin sokawe. Ranar da za a kira masu kwasa, wuƙa za a sa wa kafet.

Wajen saye, ciyawar ado daban, ta ƙwallo daban. Ta ado gajera ce mai laushi, in aka yi ta gudu a kanta sai ta kwanta ta yi sanƙo a bakin raga. Ta ƙwallo gashinta kan kai milimita 40 zuwa 60, kuma an yi ta ne don a cika ta da yashi. Ka tambayi mai kaya ko an haɗa ta da sinadarin jure rana, sannan ka kama gashin ka fizga. In ya biyo hannunka, ka yi gaba.

Akwai wani gida da na shiga a Hotoro, filin ya rabu biyu, rabi kore shar, rabi kamar ya koɗe. Mai gidan yana ta faɗa wai an haɗa masa kaya iri biyu. Naɗi ɗaya ne. Gashin kafet yana da inda ya karkata, masu aikin suka juya ƙyalle ɗaya don su rage asara. Kafet yakan zo da faɗin mita 2 ko 4, don haka a auna fili a tsara yankan tun kafin a biya kuɗi, kowane ƙyalle ya fuskanci gefe guda. A warware shi a bar shi ya sha rana awa biyu ko uku ya saki jiki kafin a yanka. Haɗi kuma da tef ɗinsa da gam ɗinsa na musamman ake yi. Gam ɗin takalmi ba ya kai damina biyu.

Yashin cikawa ya zama busasshe, wankakke, tacacce. Na tifa mai laka yana toshe huji ya daskare. Baƙin garin taya da ake zubawa a manyan filaye ba dole ba ne a ɗan filin gida, zafi yake ƙarawa.

Zafin nan shi ne abin da masu sayarwa ba sa faɗa. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke kai digiri 40, saman ciyawar roba yana iya haura 60, yaranmu kuwa ba takalmi suke buga ƙwallo. A zaɓi gefen da inuwar katanga ke sauka da yamma, ko a ɗaura ragar inuwa, a watsa ruwa kafin wasa, a bari sai bayan la'asar. A duba tagogi ma: gilashi mai ƙyalli irin na sababbin gidaje yana iya tattara rana ya narkar da layi guda a kafet.

Da hunturu ƙura za ta cika shi, sai a riƙa bin sa da burushi mai tauri ana tayar da gashin, a wanke jefi-jefi. In Babbar Sallah ta zo kuma, a nema wa rago wani turken, a kai murhun gawayi da babbakar kai can nesa. Garwashi ɗaya ya isa ya huda shi, kuma wurin da ya narke sai dai a yanke a sa faci.