Gwajin lafiyar biza ga mata: inda likita zai duba a jikinki da inda ba hurumin gwajin ba ne

Matan da ke shirin bin miji, ko tafiya karatu ko aiki a waje, sukan ji labarai iri-iri game da gwajin lafiyar biza, kuma wanda ya fi tayar da hankali shi ne cewa sai an tuɓe tsirara an duba al'aura. A ƙa'idojin yanzu na ƙasashen da aka fi zuwa daga Abuja, ba haka abin yake ba. Akwai wuraren da dole a buɗe, akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa. Macen da ta san wannan iyaka ba za ta ƙi abin da ya zama dole har takardunta su maƙale ba, ba kuma za ta yi shiru a kan abin da ya wuce gona da iri ba.

Abu na farko, ba kowane asibiti ke yin wannan gwaji ba. Kowace ƙasa tana da jerin likitocin da ta amince da su, kuma jerin yana shafinta na intanet. A Abuja, cibiyar lafiya ta hukumar IOM, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, tana cikin wuraren da aka amince da su don gwajin Birtaniya da Kanada. Duk ejan ɗin da ya ce zai kai ki wurin wani likitansa a wani lungu, kuɗinki zai ci, sakamakon kuma ba za a karɓa ba. Irin waɗannan wurare ne ma aka fi jin tsoron a ci zarafin mace, don babu mai sa musu ido.

Abin da kowace ƙasa take nema

Birtaniya ta fi sauƙi. Wadda za ta zauna fiye da wata 6 gwajin tarin fuka kaɗai ake nema daga gare ta: hoton ƙirji ga mai shekara 11 zuwa sama, da 'yan tambayoyi. Takardar tana aiki wata 6.

Kanada tana son cikakken gwaji: awon tsayi da nauyi, ido, bugun jini, sauraren zuciya da huhu, taɓa ciki, duba fata da motsin gaɓoɓi. Hoton ƙirji daga shekara 11, gwajin jini na ƙanjamau da tunjere daga shekara 15. Hukumar shige da ficen ƙasar ta rubuta ƙarara cewa ba a duba al'aura, ba a duba dubura. Mama kuwa ana iya dubawa idan akwai dalili, amma sai likita ya bayyana miki dalilin da yadda zai yi. Sakamakon yana aiki wata 12.

Amurka, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ce ke tsara ƙa'idar gwajin lafiyar bizar zama. Jerinta ya ƙunshi ido, kunne, hanci, maƙogwaro, hannuwa da ƙafafu, zuciya, huhu, ciki, kaluluwa da fata. A da duba wajen al'aura yana cikin jerin, shi ya sa matan da suka tafi shekaru da suka wuce ba ƙarya suke yi ba idan sun ce an duba su. Yanzu ɗakin gwaje-gwaje ne ke wannan aiki: jini don tunjere ga masu shekara 18 zuwa 44, fitsari don ciwon sanyi ga masu shekara 18 zuwa 24. Gwajin ƙanjamau an cire shi tun Janairun 2010. Inda kawai maganar duba al'aura kan taso shi ne idan jini ya tabbatar da tunjere, likita yana son ganin ko akwai gyambo don ya san matakin cutar da yawan allurar da zai ba ki. Ko a nan dubawar waje ce da ido, da yardarki, kuma da wata a tsaye.

Matan da ke tafiya aiki ƙasashen Larabawa ana yi musu gwajin juna biyu. Da fitsari ko jini ake yin sa, ba da hannu ba.

Kafin ranar

Lokacin da za ki kama rana, ki faɗa tun a nan cewa likita mace kike so. Ba kullum ake samu ba, amma wadda ta nema tun da wuri ta fi wadda ta tayar da maganar bayan an kira sunanta. Idan Turancinki bai kai ki gane bayanin likita ba, ki tambaya ko akwai ma'aikaciya mai jin Hausa, ko za a bar ki ki zo da tafinta.

Sutura tana rage rabin wahalar. Ki sa riga da siket ko riga da zani, ki ɗora hijabi a sama. Doguwar riga guda ɗaya ko abaya mai zif a baya ita ce ke sa mace ta tuɓe gaba ɗaya saboda abin da ɗaga riga kaɗan zai wadatar. Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa, sarƙa, fil ɗin mayafi, laya da jigida, duk a bar su a gida. Mai dogon kitso ko ƙarin gashi ta tufke shi a tsakiyar ka.

Ki riƙe fasfo, takardar da ofishin jakadanci ya ba ki, tabarau idan kina sawa, katin rigakafi, kwalayen magungunan da kike sha, da rahoton duk wata tiyata da aka taɓa yi miki. Mai juna biyu ta haɗa da katin awo da takardar sikanin. Ba a buƙatar zuwa da yunwa, ki karya kumallo, ki sha ruwa. Mai tahowa daga Jos gara ta kwana a Abuja, domin cunkoson Mararaba da Nyanya da safe ya isa ya sa ta rasa layinta.

Jinin al'ada ba ya hana gwajin jiki ko hoton ƙirji. Inda yake kawo cikas shi ne gwajin fitsari na gama-gari, saboda jinin kan gauraya da fitsarin ya nuna kamar akwai matsala a ƙoda, sai a ce ki dawo. Idan da hali, ki kama rana bayan kin yi tsarki da kwana biyu zuwa uku. Idan babu hali, ki faɗa wa nas kafin ta miƙa miki kwalba.

A cikin ɗakin likita

Za a fara da tabbatar da cewa ke ce mai fasfon, a ɗauki hotonki. Hijabi ba matsala ba ne matuƙar fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. Mai niƙabi sai ta ɗage, kuma tana iya neman mace ta ɗauke ta.

Sai tambayoyi: tari mai daɗewa, rama, zufar dare, farfaɗiya, hawan jini, ciwon suga, taɓin hankali, ranar da kika ga al'ada ta ƙarshe. Ki amsa gaskiya. Tabon tiyatar haihuwa da kika ɓoye zai bayyana da an ɗaga riga, kuma saɓani tsakanin magana da abin da aka gani ya fi cutar kanta jawo tsaiko. Idan tare kike da maigida ko suruka, kina da damar cewa a tambaye ki ke kaɗai. Wannan ba rashin kunya ba ne, likitoci sun saba.

Kafin ki cire komai, ki nemi nas mace ta tsaya. Magana ɗaya ta isa: "Likita, don Allah a kira min nas ta tsaya tare da mu." Haƙƙinki ne ko da likitar mace ce, kuma ko da da farko kin ce ba kya buƙata, kina iya canza ra'ayi a tsakiya. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, mahaifiyarta ko wata babba daga gida ta shiga da ita.

Canza kaya a bayan labule ake yi, ba a gaban likita ba. Za a ba ki rigar asibiti, kamfai kuma yana jikinki har a gama. Likitan da ya san aikinsa wurin da yake dubawa kaɗai yake buɗewa, ya rufe kafin ya koma wani.

Sauraren huhu yawanci ta baya ne, a wurare da yawa hagu da dama, kina jan numfashi ta baki. Sauraren zuciya shi ne inda mata suka fi tsarguwa, saboda ɗaya daga wuraren da ake ɗora abin sauraren yana daidai ƙarƙashin maman hagu, inda bugun zuciya ya fi fitowa. Wannan aikin likita ne na gaskiya. Kina iya ɗaga maman da hannunki ta saman riga don ya samu wurin, ba sai ya taɓa ba. Ana son abin ya taɓa fata ne saboda gogar yadi tana yin ƙara mai kama da ta huhun da ke da ruwa.

Duba ciki a kwance ake yi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Ana buɗewa daga ƙasan haƙarƙari zuwa ƙashin ƙugu, a danna sama ta dama don hanta, sama ta hagu don saifa, sannan sauran sassan. Kaluluwa ana laluba ta a wuya, saman ƙashin wuya da hammata, wani lokaci har matsematsi, wato lanƙwasar da cinya ta haɗu da mara. Nan ce iyaka ta ƙasa. Yatsu ba su da abin yi a cikin kamfai. Fata kuma ana kallonta ne don tabon kuturta, ƙuraje da alamun tiyata, galibi a baya, hannuwa da ƙafafu.

Idan an ce za a duba mama, ki tambayi dalili. Dalilai na gaskiya su ne tarihin ciwon daji, ƙullutun da ke kika ambata, ruwa ko jini daga kan mama, kumburi a hammata, ko wata inuwa da hoton ƙirji ya nuna. Ana yin sa kina kwance, hannu ɗaya a saman kai, ɓangare ɗaya a buɗe ɗayan a rufe, da tafin yatsu, cikin 'yan mintuna. Mai shayarwa ta faɗa tun farko, don cikar nono kan yi kama da ƙullutu.

Abin da babu shi ko kaɗan: sa yatsa ko ƙarfen buɗa farji, duba dubura, tambayoyin batsa game da kwanciyar aure, ɗaukar hoton jiki da wayar hannu, da gwajin budurci. Wannan na ƙarshe ya taɓa faruwa da gaske, jami'an Birtaniya sun yi wa matan Asiya a filin jirgin Heathrow har jaridar Guardian ta Birtaniya ta tona asirin a 1979 aka daina. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba shi da tushe a ilimin likita, yau kuma laifi ne a dokar Birtaniya.

Fitsari da hoton ƙirji

Fitsarin iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Na gwajin ciwon sanyi, farkon fitsarin ake so, kamar cokali biyu na cin abinci, ba tare da kin yi tsarki kafin nan ba, kuma ya zama kin yi aƙalla awa ɗaya ba ki yi fitsari ba. Ƙwayar cutar a bakin hanyar fitsari take, wanki ko cika kwalba yana tsinka ta. Wasu wuraren sukan ba da tsinken auduga a madadin fitsari, ke da kanki za ki yi amfani da shi a banɗaki. Na gwajin gama-gari kuwa akasin haka ne: ki wanke, ki zubar da na farko, ki tari na tsakiya.

A ɗakin hoto za ki cire rigar mama ki sa rigar asibiti. Ƙirjinki zai jingina da allon, hannuwa a ƙugu, kafaɗu a turo gaba, ki ja numfashi ki riƙe na daƙiƙa kaɗan. Mai ɗaukar hoton zai iya gyara miki kafaɗa ko haɓa, iyakarsa ke nan. Maɓalli, ƙugiyar rigar mama ko jelar kitso da ta sauko baya suna fitowa kamar tabo a huhu, sai a sake ɗauka. Idan an ga tabo na gaske, za a karɓi kaki sau uku a safiya uku, a jira har mako 8 kafin sakamako.

Mai ciki, ko wadda ke zargin tana da shi, ta faɗa kafin ta shiga. Birtaniya ta ba da zaɓi uku: hoto da ƙarin kariya bayan wata uku na farko, gwajin kaki, ko jira sai an haihu. Amurka tana son hoton kafin tafiya, da yardarki, da mayafin dalma ninki biyu da ke zagaye ciki da ƙugu, ko ki ɗaga har ki sauka. Rigakafin ƙyanda da na ƙarambau ba a yi wa mai ciki.

Idan wani abu bai yi miki ba

Ki ce a dakata, ki tashi zaune, ki rufe jikinki, ki tambaya: "Wannan wane ɓangare ne na gwajin, kuma me ake nema?" Likitan kirki zai amsa ba tare da fushi ba. Tsoron da ke rufe wa mata baki shi ne kada a hana su biza, alhali likita rahoto kawai yake turawa, jami'in biza ne ke yanke hukunci. Sai dai kada ki fice ki tafi gida, don gwajin da ba a kammala ba yana tsayar da takardu. Ki nemi shugaban cibiyar, ki ce a ba ki wata likita ko wata rana.

Idan an riga an taɓa ki inda bai dace ba, ki rubuta rana, lokaci, lambar ɗaki, sunan da ke jikin katin ma'aikacin da wanda ke wurin, tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwarki, ki kuma adana rasit. Ƙorafi a rubuce yana zuwa wurin shugaban cibiyar, da ofishin jakadancin ƙasar da ta amince da likitan, domin ita ke da ikon cire shi daga jerinta, da kuma hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi, wadda hedikwatarta ke Abuja. Idan abin ya kai cin zarafi, dokar VAPP ta 2015, mai hana cin zarafin mutane, tana aiki a Babban Birnin Tarayya, kuma ana kai irin wannan ƙara ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ko wurin 'yan sanda.