Yadda ake sa aya da waƙafi a rubutun Turanci

Ni aikina taifin ne a wani ɗan shagon kwamfuta nan Birnin Kebbi, kullum cikin buga aflikeshin na neman aiki nike da furojet ɗin yaran Poli da na jami'ar Aliero, kuma wallahi ba sifelin ke cinye min lokaci ba, shi kwamfuta tana ja mashi jan layi ka gyara, alamomin rubutu ne matsalar. Shekaranjiya wani ƙanena na unguwa ya kawo takarda shafi guda cur da aya ɗaya tak a can ƙasa. Na ce kai ƙane, wanga ai sai mai karatu ya shiɗe kafin ya kai ƙarshe, ya ce Yaya ai dai an gane. Na ce jawo kujera.

Mun fara da aya, wadda muke kira fulsitof. Ka nemo wanda ya yi abu da abin da ya yi, in magana ta cika ka ɗiga aya, ka bar fili ɗaya, ka tashi da babban baƙi. Shi ya rubuta "I finished my ND in 2021, I am looking for a job". Jimla biyu ce cikakku aka ɗaure da waƙafi, Turanci bai yarda da haka ba. Ko dai ka sa aya bayan 2021, ko ka ƙara "and" bayan waƙafin. Kar ku dubi nawa rubutun nan da ke ta zuba ba birki, mu hira muke yi da Hausa. Sannan ba a barin fili kafin alama, manne take da kalmar da ta gabace ta, masu rubutu a waya ku ji da kyau.

Waƙafi kuwa an koya mana a firamare wai duk inda ka ja numfashi ka sa, to nan aka ɓata mu. Bahaushe yakan ce "babana, manomi ne" yana ɗan tsayawa, sai ya kwashi tsayawar ya kai Turanci ya rubuta "My father, is a farmer". Kuskure ne, ba a raba mai aiki da aikinshi da waƙafi. Wurinshi shi ne jerin abubuwa, kamar "rice, millet and fish", da bayan 'yar shimfiɗa, "After the exam, I travelled to Argungu", da kuma in kana kiran mutum, "Thank you, sir". Waƙafin da ake sawa kafin "and" na ƙarshen jeri, mutanen Amurka sun fi sawa, na Ingila sukan bari, ka ɗauki ɗaya ka tsaya a kai.

Inda muka fi daɗewa shi ne ɗan waƙafin nan na sama, afostirofi. A Hausa sauti ne, shi ke cikin sana'a da jama'a da 'ya'ya, hannunmu ya saba da shi, shi ya sa muke watsa shi ko'ina kamar gishiri. Ka zaga kasuwa ka ga allunan shaguna, "Phone's for sale", "Shoe's and bag's". Jam'i ba ya buƙatar shi sam, "phones" ne kawai. Aikinshi biyu ne a Turanci. Na farko mallaka: "the boy's book" littafin yaro ɗaya, "the boys' book" na yara da yawa, amma "children's" kafin s ake sawa tunda kalmar da ma jam'i ce. Na biyu nuna an cire harafi, "do not" ya koma "don't". Sai "its" da "it's" da ke kayar har masu digiri. Ka gwada sa "it is" ko "it has" a wurin, in ta zauna to mai alamar ce, in ba ta zauna ba kamar "The goat broke its leg" to ba alama.

Alamar tambaya sai in tambaya ce kai tsaye. "I want to know if my name is on the list" bayani ne, aya za ka sa. Su ??? da !!! ka bar ma WhatsApp. Ruwa biyu (:) kafin jero abubuwa ne bayan cikakkiyar jimla. Waƙafi mai ruwa (;) kuwa in ba ka iya ba ka ƙyale shi, aya ta wadatar.

Masu WAEC ku lura, maki 10 ne aka ware ma tsabtar rubutu a insha'i, kowane kuskure rabin maki ake yanka, kuskure 20 kenan sun tafi duka. A wasiƙar ofis "Dear Sir," da waƙafi, a ƙasa "Yours faithfully," Y babba f ƙarama, kuma ba afostirofi a "Yours".

Kafin mu yi firintin na sa ƙanen nan ya karanta takardar da ƙarfi daga jimlar ƙarshe ya yo sama ɗaya bayan ɗaya, ta haka duk wadda ba ta tsaya da ƙafarta ba kunne zai kama ta. Aya 14 muka ƙirga a shafin da ya zo da guda.