Minjirya da raunin ƙafa ga masu gudu: kurakuran da aka fi yi

Duk wanda ya bi ta filin wasa na Seyni Kountché ko bakin kogi ta Yantala bayan sallar asuba ya san masu futin, wato gudun motsa jiki, na Yamai: samari masu shirin jarrabawar shiga soja ko jandarma, ma'aikata masu son rage tumbi, da mata rukuni-rukuni. A cikinsu ba a rasa wanda zai tsaya yana buga ƙafa a ƙasa, ya ce minjirya ta kama shi, ko tafin ƙafarsa ya sage kamar ba nasa ba. Amsar da yake samu daga abokai ɗaya ce: "Gajiya ce, daure ka ci gaba." Daga nan kuskure yake farawa.

Gajiya tana sa tsoka tsami, ta saki bayan kwana biyu ko uku. Jin kamar tururuwa na yawo a fata, ko tsira kamar ta allura, ko sagewa, wannan maganar jijiyar da ke kai saƙo ce, ba ta tsoka ba. Wani lokaci dalilin ƙarami ne. Ƙafa tana ɗan kumbura in ana gudu cikin zafi, to in baskit ɗin ya matse ko an ja igiyarsa da ƙarfi, jijiyoyin bayan ƙafa sai su danne. Sassauta igiyar, ka sayi takalmin da zai bar maka sararin faɗin babban yatsan hannu a gaba. In abin ya wuce, shi ke nan.

Amma in rauni ya shigo, wato ƙafa ta rasa ƙarfi, magana ta sake. Akwai gwajin da kowa zai iya a tsakar gida: ka yi taku goma a kan dunduniya, goma a kan yatsu, sannan ka tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. In ƙafa ɗaya ta kasa ɗaga kanta, tana jan ƙasa, silifa na zame maka ba ka sani ba, a ajiye gudu sai likita ya gani. Sau da yawa ma ciwon ba a ƙafar yake ba. Jijiyar da ta fi kowace girma a jiki daga ƙugu take fitowa, ta bi ɗuwawu da bayan cinya ta sauka har yatsu. In faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya gurɗe ya danne ta, mutum zai yi ta murza sha-raɓa da man zafi alhali tushen yana sama. Wata jijiyar kuma tana zagaye ƙashi a gefen gwiwa ta waje, dab da fata, doguwar harɗe ƙafa a fada ko tsuguno ma kan iya danne ta.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na mai tallar magani. Yaro ya ce, "Yaya, ƙafata ba ƙarfi," sai a miƙa masa tiramol. Tiramol ba ya gyara jijiya, rufe bakin ciwon kawai yake yi, mutum ya ci gaba da taka abin da ke lalacewa, ga kamu, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Diclofenac da ibuprofen kuwa, in aka haɗa su da gudu cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 da ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda ce ke biyan bashin. Har bitamin B da ake sha kamar alewa yana da nasa sharri: B6 in ya yi yawa na tsawon watanni, shi da kansa yana kawo sagewar da ake gudu. Allurar ɗuwawu a hannun wanda bai iya ba ita ce ta fi muni, don in ta sami babbar jijiyar nan, wani har abada da ɗingishi.

Ban raina wanzami ba, amma ƙaho da tsaga ba su kai inda ciwon yake. Ga wanda ƙafarsa ta riga ta sage kuwa, musamman mai ciwon suga, tsaga ɗaya kan iya zama gyambon da zai ƙi warkewa. Gashi da ruwan zafi ma haka, fata ta ƙone mai ita bai ji ba. Masu cewa an tsallaka wani abu ne, a yi addu'a, amma a tafi asibiti ranar.

Wasu kuma sun je likita, sai dai ba su kai masa labari ba. "Ƙafata ce ke damuna" ba ta isa. Ka faɗa masa ƙafa ɗaya ce ko biyu, daga yatsu ta faro ko daga ƙugu, a kilomita na nawa take tasowa, minti nawa take ɗauka kafin ta saki in ka tsaya. Wanda ƙwaurinsa ke cika tam ya sage bayan ɗan gudu, ya saki da hutu, galibi tsoka ce ke kumbura cikin kubenta. Wanda tafin ƙafafunsa biyu ke zafi da dare kamar ya taka barkono, a auna masa suga da safe kafin ya ci komai: 1,26 giram a lita ko fiye, in an maimaita, ciwon suga ne, kuma gudu ba ya hana mutum kamuwa da shi. A duba jini da bitamin B12, wanda ake samu a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Ka ambaci duk maganin da kake sha, don metformin, maganin ciwon suga, na rage B12, isoniazid na tarin fuka da Flagyl in an daɗe a kai suna taɓa jijiya. Giya ma a faɗe ta, kunya ba ta da amfani a ɗakin likita. In kana wanka a kogi bayan gudu, wannan ma labari ne: ƙwan tsutsar tsargiya, ko da ba kasafai ba, kan kai ga laka. Kada ka matsa sai an yi maka hoto tun ranar farko. Hoton radiyo na asibiti ƙashi yake nunawa, ba jijiya ba, kuma gwajin hannun likita da ƴar gudumarsa shi ke nuna inda za a duba.

Akwai lokacin da ba a jiran gobe, ba a bi ta CSI, ƙaramin asibitin unguwa, ma, sai gaggawa ta babban asibiti. Rauni da ya faro daga ƙafafu biyu yana hawa sama cikin kwanaki, sau da yawa mako ɗaya zuwa uku bayan zawo ko mura, yana iya zama cutar Guillain-Barré, wadda likitocin Faransa suka bayyana a 1916. Tana iya kaiwa ga numfashi. Sagewa a matse-matsi da dubura, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba a sani ba, wannan jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma awoyi ake ƙirgawa. Ƙafa da hannu na ɓari ɗaya su mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Fitsari mai launin shayin fada bayan gudu mai tsanani shi ma na gaggawa ne. Mai irin wannan kada ya hau babur da kansa, a nemi mai mota ya kai shi.