Kafin ka tura wancan "hadisin" na WhatsApp

Jiya bayan asuba a Anguwan Rogo, sanyin Jos na ratsa ƙashi, ƙanina ya miƙo min waya wai in ga wani hadisi da aka turo guruf ɗinsu, a ƙarshensa an rubuta duk wanda bai tura wa mutum 10 ba zai ga musiba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan an ce ya tanadi mazauninsa a wuta, wannan kam yana cikin Bukhari da Muslim.

To ga yadda nake yi. Fara tambaya tukuna, wannan aya ce, hadisi ne, ko maganar wani malami? In an ce aya ce abin da sauƙi, surori 114 ne, nemi sunan sura da lambar aya ka buɗe Alƙur'ani da kanka, in Larabcin bai zauna ba ga tarjamar Sheikh Abubakar Gumi.

Hadisi kuwa shi ne mai buƙatar aiki. Wane sahabi ya ruwaito, a wane littafi, Bukhari ne ko Muslim ko Muwaɗɗa ta Imam Malik, in kuma Abu Dawud ne ko Tirmizi ko Nasa'i ko Ibn Majah to sai ka ƙara neman hukuncin malaman hadisi a kai, sahihi ne, hasan ne ko da'ifi, don ba duk abin da ke cikinsu ne ya inganta ba. Ko "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin" da muka taso muna ji tun firamare, malamai da yawa sun ce bai tabbata ba. Saƙon da babu littafi babu mai ruwaya, sai barazana, goge shi kawai.

In aka ce maka "malamai sun yi ijma'i", wato duk sun haɗu a kan magana ɗaya, tambaya su waye, sau tari ra'ayin mazhaba ɗaya ne. Ƙiyasi kuwa, wato auna sabon abu da wanda aka riga aka san hukuncinsa, aikin masana ne, kamar yadda suka auna shan kodin don maye da giya saboda illar ɗaya ce, ni da kai ba mu kai nan ba.

Abin da ya shige maka duhu kai wa malamin da ke karantar da Risala ko Iziyya a unguwarku, ka nuna masa wayar ka ce Allah gafarta Malam, ina aka samo wannan?